Raguna biyu cikin aljihun riga

Jama'a, manoma da makiyaya na Damargu, ga labarin wani ciniki wanda har yanzu ana maganarsa a wani ƙauye na ƙasar Olelewa. Cinikin kare ne. Mai karatu zai ce, kare kuma, a ƙasar da ake roƙon mutum ya zo ya ɗauki ɗan kwikwiyo kyauta? To, kare dai. Wanda ya yi cinikin bai hana a buga labarin ba, amma ya roƙi a sakaya sunansa, ya ce dariyar da aka yi mashi a gari ta ishe shi.

Saurayi ne mai ƙwazo. Tun da aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ cikin ƙasar Olelewa a shekarar 2011, manyan motoci sun yawaita bisa hanyar da ta tashi daga Damagaram ta bi ta Bakin Birji da Tanut zuwa Agadas, samari kuwa da yawa suna bin mota. Shi ma haka. Da damina yana noma, da rani yana bin wata babbar mota mai ɗaukar kaya tsakanin Tanut da Kano. Aikinsa shi ne wanda ake ce ma karen mota. Wannan sunan ya ƙara ma masu yi mashi ba'a gishiri daga baya, suka riƙa cewa karen mota ya sayo karen aljihu.

Aurensa ya matso. Uwarsa ta turke raguna biyu wata da watanni, tana ba su dusa da harawa da ƙasari har suka yi ƙiba. Da sanyi ya shigo aka kai su kasuwar Bakin Birji aka sayar. Ta ƙulle kuɗin ta ba shi, ta ce in sun isa Kano ya sayo atamfa da takalma da sauran kayan akwatin amarya, don can sun fi araha.

A Kano, kusa da inda suke sauke kaya, ya ga mutane sun kewaye wani mai kwali. Ya leƙa. Ƴan kwikwiyo ne farare, gashinsu kamar auduga, kowane bai fi tafin hannu ba. Mai kwalin ya lura baƙo ne, ya jawo shi gefe.

Ya ce, "Ɗan'uwa, waɗannan ba irin karnukanku na daji ba ne. Na Turai ne, kuma ba su girma. Yadda ka gan su yau, haka za su tsufa."

Ya fito da waya ya nuna mashi hoton wani kare zaune cikin kofin shayi, da hoton wata Baturiya ta saka wani cikin jakar hannu. Ya ce manyan mutane a Yamai da Damagaram nemansu suke ido rufe, wanda ya kai guda can zai ninka kuɗinsa. In kuwa ya haɗa mace da namiji, to ya sami gonar da ba ta jiran ruwan sama.

Maganar nan ta ƙarshe ita ta kama shi. Mutumin Damargu, wanda ya tashi yana jin labarin farin 1973 da na 1984 a bakin iyayensa, wanda ya ga gero ya bushe yana tsaye, in ka ce mashi ga gonar da ba ta jiran ruwa, ka gama da shi. Bai tambayi uwarsu ba. Bai tambayi kwanansu nawa a duniya ba. Bai tambayi takardar allura ba. Ya zazzage kuɗin akwati, ya saka macen a aljihun dama na rigar sanyinsa, namijin a aljihun hagu, suka kamo hanyar gida.

Ranar da ya iso, yaran gari kaf suka cika ƙofar gidansu. Uwarsa ta dubi aljihun dama, ta dubi na hagu, ba ta ce komi ba, ta shige ɗaki. Sai da la'asar kawunsa ya zo. Tsoho ne, ya yi farauta tun yana matashi, kuma har yanzu yana da wata doguwar karya siririya da ya samo wurin Buzaye. Ya zauna bisa tabarma aka miƙo mashi ƴan kwikwiyon.

Ya ce, "Ɗana, ka ga uwarsu?"

"A'a, Kawu."

"Ubansu fa?"

"Kawu, na ga hoto cikin waya."

"Hoton wa?"

Yaro ya yi shiru. Tsohon ya sa ƙaramin yatsa ya buɗe bakin macen, ya duba, ya buɗe na namijin. Ya ce, "Ko haƙora ba su gama fitowa ba. Daga bakin nono aka fizge su. Kai ne fa in za ka sayi akuya sai ka buɗe bakinta, ka taɓa hantsarta, ka tambayi daga garken wa ta fito. Yau ka je birni ka yi cinikin biri a sama."

Tsohon ya tafi gida yana ganin ƙarya ce duka, babu wani kare a duniya da ba ya girma. A nan shi ma bai yi daidai ba. Akwai ƙananan karnuka da gaske, kuma sun daɗe. Akwai wanda ake kira Ciwawa, da sunan wata jiha ta ƙasar Mekziko, shi ne mafi ƙanƙanta cikin irin karnuka, babbansa ba ya wuce kilo 3. Akwai na Yokshaya a Ingila, wanda ma'aikatan masaƙun ulu da auduga suka riƙa ajiyewa don kamun ɓera. Akwai na Fekin, mai shafaffen hanci, wanda a da sai a fadar sarkin Sin ake ganinsa. A shekarar 1860 sojan Ingila da na Faransa suka wawashe fadar, aka tafi da guda biyar Ingila, aka ba Sarauniya Biktoriya ɗaya. Ita dai sarauniyar nan a 1888 ta samo wani ƙaramin karen Fomeraniya daga Italiya. Kakannin irinsa manya ne, amma da mutane suka ga na sarauniya ƙarami ne, sai kowa ya ce ƙarami yake so, masu kiwo suka dinga haɗa ƙarami da ƙarami har irin ya tsuke.

Duk makiyayi ya san wannan dabarar. In kana son garken tumaki dogaye, dogon rago kake bari cikinsu. Haka Turawa suka yi, sai dai su ƙanƙanta suka bi. Kuma ba don gadi ko farauta suke ajiye mafi yawansu ba. Ga mutanen da ke zaune cikin ɗakuna bisa dogayen benaye, babu tsakar gida, wasunsu tsofaffi ne da ba su da kowa, ɗan karen nan shi ne abokin hira.

To amma na cikin kofin shayi wani abu ne dabam. Manyan ƙungiyoyin da ke rajistar irin karnuka a Turai da Amurka ba su san wani iri mai wannan suna ba. Sunan kasuwa ne kawai. Yadda ake samunsa shi ne, cikin kowace haifuwa akwai tsumburarre, wanda ƴan'uwansa suka fi ƙarfi a bakin nono. Makiyayi ba ya barin irin wannan ya zama uban garke. Masu neman kuɗi kuwa shi suke zaɓa, su haɗa shi da wata tsumburarriya, su sake haɗa ƴaƴansu, har a sami karen da ya gama girma bai kai kilo 2 ba. Tiyar gero guda ta fi shi nauyi. Abin da ya tsumbura iyayen, in ciwo ne, shi ma ya gada. Watau abin da ake sayarwa da tsada, sau da yawa rashin lafiya ce aka yi ma ado.

Ga abin da ke biyo baya. Ƙashinsa siriri ne kamar tsinke, faɗuwa daga gado ko daga hannun yaro ta isa ta karya shi. Maɗigarsa sau da yawa ba ta rufewa, wasu kuma ruwa na taruwa cikin kansu. Bakin ya yi ƙanƙanta amma yawan haƙoran bai ragu ba, sai su cushe su ruɓe. Maƙogwaro na iya lotsewa ya riƙa tari. Ƙoƙon gwiwa na gocewa. Macen kuma, wadda aka ce ma saurayin nan ita ce gona, da wuya ta haihu da kanta, sau da yawa sai likitan dabbobi ya yi mata aiki ya ciro ƴaƴan. A ƙauye in karen gari ya bi ta, cikin da za ta ɗauka ya fi ƙarfinta, kuma babu mai yi mata aikin.

Dare na uku aka ga farkon abin. Sanyin hunturu ya sauko, irin wanda ke tsaga leɓe. Da asuba saurayin ya tarar da macen kwance tana rawar jiki, ido a juye, ba ta iya ɗaga kai. Ya naɗe ta cikin rawani ya hau babur, ya je wurin ma'aikacin kula da dabbobi, wanda ke yi ma shanu da awaki allura. Ma'aikacin ya duba ta, ya jiƙa sukari cikin ruwa kaɗan ya shafa mata a dasashi. Jim kaɗan ta ɗaga kai. Ya ce mashi sukarin jininta ne ya faɗi. Jiki ƙarami ba ya da rumbu, ba ya ajiye komi, kuma sanyi na ratsa shi da sauri. Irin wannan sai an ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini, in ya tsallake ɗaya yana iya suma, in ba a lura ba ya mutu. Ya ce kuma ba su fi mako biyar da haifuwa ba, alhali ɗan kwikwiyo bai kamata ya rabu da uwarsa ba sai ya cika mako takwas.

Ya tambaye shi takardar rigakafi. Babu.

Saurayin ya komo ya zama mai reno. Ya bar bin mota mako biyu, yana dama koko da madara, yana tashi cikin dare. Ya aika ma wani abokinsa a Damagaram ya nemo mai saye. Waɗanda aka yi ma maganar, wani ya yi dariya, wani ya ce a kawo takarda, wani ya ce shi kam me zai yi da kare cikin ɗakinsa.

Ana cikin haka aka shiga ɓangaren labarin da ba shi da ban dariya. Ɗiyar yayarsa, mai shekara huɗu, ta ɗauki macen ta goya kamar ɗiyar tsana, ta matse ta. Ƴar karyar ta cije ta a yatsa. Haƙoran ƴan kwikwiyo kamar allura suke, jini ya ɗan fito. Aka hura mata, aka rarrashe ta, aka manta. Bayan kwana huɗu aka wayi gari macen ta mutu, bayan ta yi zawo kwana biyu.

Kawun ne ya tuna da cizon. Ya taɓa ganin mutumin da mahaukacin kare ya ciza, ya ga yadda ya ƙare yana gudun ruwa, kuma bai manta ba. Ya ce a ɗauki yarinyar yanzu-yanzu. A gidan likita na kusa aka wanke yatsan, aka tura su Damagaram. Can aka bayyana musu: da karyar tana da rai, sai a fara allura a kuma tsare ta kwana goma, in ta wuce kwana goman nan lafiya lau, to ba ta ba yarinyar ciwon ba. Amma ta mutu, ba a san uwarta ba, ba a san inda ta fito ba, ba ta da takarda. Mai yiwuwa zawo ne ya kashe ta, amma wa zai sa ran ɗiya cikin mai yiwuwa? Sai an yi ma yarinyar alluran duka. Aka rubuta musu ranakun komawa. Kuɗin mota, kuɗin allura, kuɗin abinci a birni, sai da aka sayar da akuyar yayarsa da buhun gero.

Ciwon haukan kare ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma cikin goma wajen huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamunsa sun bayyana, ba a tashi. Amma in an yi allura da wuri, ana tsira, tun daga 1885 da Louis Pasteur na Faransa ya yi ma wani yaro mai shekara tara allurar ya rayu. Ƙwayar ciwon ba ta duba girman kare. Abin da ya kamata a yi nan take, ko babban kare ne ko na aljihu, shi ne a wanke wurin cizon da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a nufi gidan likita ranar, ba gobe ba. Shi kuma kare ana yi mashi allurar rigakafin ciwon in ya cika wata uku, a riƙa sabuntawa. Yarinyar dai ta gama alluranta, tana nan lafiya.

Saboda haka wanda ya ƙudura sai ya sayi irin karen nan, don yau ana ganinsu a manyan birane kuma ana tallarsu cikin waya, ya fara da tambayar da kawu ya yi. Ya ga uwar da idonsa, tana shayar da ƴaƴan, a gidan da aka haife su. Girman uwa shi ke nuna girman ɗa, ba bakin mai sayarwa ba. Wannan ba ƙauyanci ba ne. A Ingila tun 2020 doka ta hana dillali sayar da ɗan kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai a je wurin mai uwar. A Faransa tun ranar 1 ga Janairu 2024 an hana kantuna sayar da karnuka da kyanwoyi. Su da suka ƙago abin sun gaji da cinikin kwali.

Sannan ya buɗe baki, kamar yadda yake yi ma rago. Ɗan kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, suna gama fitowa wajen mako shida zuwa takwas. Yana fara famfara wajen wata huɗu, kafin wata bakwai manyan haƙora 42 sun cika. Wanda ya san wannan, ba a sayar mashi da jinjiri a ce babba ne da ba ya girma. Ya taɓa tsakar kai ya ji ko maɗiga a buɗe take. Ya ajiye shi ƙasa ya ga tafiyarsa. Cikin ƴan'uwa kuma kada ya zaɓi mafi ƙanƙanta, ya zaɓi mai kuzari. Ya nemi takardar allura mai hatimin likitan dabbobi da kwanan wata. A nan ne karatu ke da rana, don mai sayarwa na iya miƙa ma wanda bai iya karatu ba kowace irin takarda, ko da ta kuɗin wuta ce.

Kafin duk wannan ma ya tambayi kansa, me karen zai yi, kuma ina zai zauna? Damargu ba ƙasar karen cinya ba ce. Da bazara zafi na wuce awo 40, kare kuwa ba ya zufa kamar mutum, da lallage harshe yake shan iska, mai shafaffen hanci kuma ko numfashin kirki ba ya samu. Da kaka karangiya na cika dogon gashi ta dunƙule shi, kaska ta ɓuya ciki. Shirwar da ke sure ɗan tsako ba za ta ji nauyin ɗan kwikwiyo irin wannan ba. Jaki ya taka shi, yara su yi wasa da shi, likitan da ya san ciwonsa kuma yana birni. Malamai sun ce ajiye kare don farauta ko kiwo ko tsaron gona ya halatta, kan cin kuɗinsa kuma akwai magana mai tsawo tsakaninsu. Wanda abin ya dame shi sai ya tambayi malamin garinsu kafin ya buɗe aljihu.

Wani abin mamaki shi ne, doguwar karyar nan ta kawu, wadda ke kwance ƙarƙashin rumbu ba mai kallonta, ita ce Turawa ke nema. Irinta suke kira Azawak, da sunan kwarin nan da ke tsakanin Nijar da Mali, Buzaye kuwa suna ce mata oska. Tun farkon shekarun 1970 aka fara kai irinta Turai, a 2019 kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta karɓe ta cikin rajistarta. Nauyinta kilo 15 zuwa 25, tana kama zomo da gudu, tana jure zafi da ƙishirwa, dila ba ya kusantar garken da take ciki. Da aka gaya ma kawu haka, ya dubi karyar ya ce shi goro biyu ya ba Buzun da ya kawo mashi ita.

Saura namijin. Shi bai mutu ba. Da ya sami koko da madara da sauran tuwo, sai ya fara miƙewa. Wata biyu ya fi ƙarfin aljihu. Wata huɗu ya kai kyanwa biyu. Farin gashin nan mai kama da auduga ya zube, wani ja-ja ya fito. Kafin damina ta faɗi ya kai gwiwar mutum, kunne a tsaye, wutsiya a naɗe, bai da maraba da karnukan da ke yawo bayan mahauta. Ma'aikacin dabbobi da ya zo yi mashi allura ya ce watakila akwai jinin wani karen waje mai gashi can cikin kakanninsa, amma shi kam karen gari ne, yunwa da ƙuruciya suka ƙanƙantar da shi cikin kwali.

An ɗaga auren zuwa bayan kaka. Uwar saurayin ta sake turke wasu raguna, ta ce wannan karon ita da yayarsa za su je Damagaram su sayo kayan da kansu. Karen kuwa ya kama bin awakin gidan zuwa daji, yana komowa da su da maraice. Yaran gari sun raɗa mashi suna Raguna Biyu, kuma in an kira shi da sunan yana zuwa da gudu.